Madarar sarauniyar zuma: Abin da masu amya a arewacin Kano ke asara ba su sani ba

Duk mai yawan leƙa Facebook ko TikTok a 'yan shekarun nan, da wuya bai ci karo da tallar wani abu da ake kira Royal Jelly ba. Ana sayar da shi a ƙananan kwalabe ko a ƙwayoyi irin na magani, kuma masu tallar kan jero amfaninsa har mutum ya gaji da ji: ƙarfin jiki, haihuwa, gyaran fata, hana tsufa.

Galibin wanda ke kasuwa daga waje ake shigo da shi, kuma yana da tsada. Shi ya sa idan ana zancen kiwon zuma a matsayin hanyar sama wa matasa aikin yi, akan lissafa shi cikin abubuwan da Najeriya za ta riƙa sayarwa ta samu kuɗin waje, bayan zuma da kaki.

To amma a karkarar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa da Minjibir, inda ake ɗaura amya a kan ɗorawa da tsamiya tun kaka da kakanni, wannan abu yana nan a cikin kowace amya mai rai. Wani farin ruwa ne mai kauri kamar kindirmo, mai ɗan tsami, wanda ƙudan zuma ke ciyar da 'ya'yansu da shi. Da shi ake renon sarauniya, shi ya sa sunan madarar sarauniya ya dace da shi.

Idan aka yi lissafi da kyau, ribar da manomin arewacin Kano zai samu idan wannan madara ta zauna a cikin amya ta fi wadda zai samu idan ya kwashe ta ya zuba a kwalba. Kuma abubuwan da ke barazana gare ta a yankin, wato wutar daren cire zuma da sare bishiyoyi da feshin magani, ba su cika shiga jawabin masu tallar ba.

Ƙwai iri ɗaya, makoma daban

A kowace amya akwai uwa guda ɗaya tak. Wasu kan ce mata sarki, kuma ba Hausawa kaɗai ba: Turawa ma sun daɗe suna ɗaukar ta namiji, sai a ƙarni na 17 aka tabbatar mace ce. Aikinta ƙwai. A lokacin da abinci ya wadata, sarauniya mai ƙarfi kan saka ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana guda.

Sauran dubban da ke fita kiwo, su yi saƙa, su yi gadi, su yi harbi, su ma mata ne, sai dai mahaifarsu a tsuke take. Maza kaɗan ne, ba sa harbi, ba sa kiwo, barbara ce kawai aikinsu.

Abin mamakin shi ne, ƙwan da ke zama sarauniya da wanda ke zama ma'aikaciya iri ɗaya ne. Babu jinin sarauta a gidan zuma. Ƙwai kan ƙyanƙyashe bayan kwana uku ya zama 'yar tsutsa. A kwanakin farko duk tsutsotsin ana ba su abinci mai kama da madarar. Daga nan sai hanya ta rabu. Wadda za ta zama ma'aikaciya ana rage mata, ana gauraya mata da zuma da garin fure. Wadda aka zaɓa don sarauta kuwa, ana gina mata ɗaki na musamman mai kama da kwanson gyaɗa, yana kallon ƙasa, a cika shi da madara har ta riƙa iyo a ciki, kuma ba a sauya mata abinci har a rufe ɗakin.

Sakamakon ba kaɗan ba ne. Sarauniya kan fito bayan kimanin kwana 16 da saka ƙwan, ma'aikaciya sai ta kai kwana 21, kodayake zumar Afirka kan riga wannan lissafi da kwana ɗaya ko biyu. Ma'aikaciya a lokacin aiki tuƙuru ba ta wuce mako shida a duniya, sarauniya kuwa tana iya shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye.

Masu yin madarar su ne matasan ma'aikata, 'yan kwana biyar zuwa sha biyar, waɗanda ba su fara fita kiwo ba. Daga wasu jijiyoyi da ke cikin kansu take fitowa. Kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, sauran kuma sinadarin gina jiki ne da sukari da ɗan maiƙo. Jijiyoyin ba sa cika su yi aiki sai masu renon sun ci garin fure sun ƙoshi. A riƙe wannan, domin a nan ne maganar bishiyoyin Kano za ta shigo.

Masana sun daɗe suna neman sirrin da ke cikin madarar. A 2008 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya sun nuna cewa idan aka toshe aikin wata ƙwayar halitta guda a jikin tsutsa, mafi yawansu sai su fito a sarauniya, abin da ke nuna abinci na iya kunna wasu halittun gado ya kashe wasu. A 2011 wani masanin Japan, Masaki Kamakura, ya wallafa a mujallar Nature cewa ya gano sinadarin da ke naɗa sarauniya, ya sa masa suna royalactin. Shekara biyar bayan nan, wasu masana a Jamus suka maimaita gwajin, ba su samu abin da ya samu ba, suka wallafa nasu a mujallar dai. A tsakanin nan, a 2015, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun nuna akwai wani sinadari a cikin zuma da garin fure da ke danne mahaifar ma'aikata. Wato wani ɓangare na sirrin shi ne abin da aka hana sarauniya ci. Wani binciken na 2020 kuma ya fi ɗora nauyin a kan yawan abincin da tsutsa ta samu.

Ga mai amya a Kunchi, duk wannan muhawara ta tsaya a wuri guda: gidan da ke da masu reno da yawa, masu ƙoshi, shi ke fitar da sarauniya mai ƙiba da yawan ƙwai. Gidan da ke cikin yunwa, ko ya yi sarauniya, 'yar tsurut ce, ba ta daɗewa.

Lissafin kwalba

Yanzu a duba batun sayarwa. Ƙudan zuma ba sa ajiye madarar nan kamar yadda suke ajiye zuma. Wuri ɗaya da ake samun ta da ɗan yawa shi ne ɗakin sarauniya, shi ma abin da ke ciki bai wuce rubu'in giram ba. Kafin a tara kilo guda, sai an kwashe ɗakuna wajen 4,000.

Don haka masu sana'ar dabara suke yi. Suna jera ƙananan kofuna na roba ko na kaki, su ɗauko tsutsa 'yar kwana ɗaya da wani siririn tsinke su saka a kowane kofi, su mayar cikin akwatin zuma. Masu reno sai su ɗauka sarauniya ake so, su cika kofunan da madara. Bayan kwana uku a ciro, a jefar da tsutsar, a kwashe madarar, a sake sabon zubi. Haka ake yi duk bayan kwana uku har kakar ta wuce. Aiki ne na ido da haƙuri da hannu mai sanyi.

Ƙasar Sin ce ke samar da kusan kashi 90 cikin 100 na madarar da ake sayarwa a duniya, dubban tan a shekara, kuma Japan na cikin manyan masu saye. Ba da ka Sin ta kai nan ba. Tun shekarun 1980 masu kiwo a lardin Zhejiang suke tace irin zumar da suka samo daga Italiya, har suka fitar da irin da gida ɗaya zai iya ba da kilo goma a shekara. Gidan zuma na yau da kullum, ko a hannun gwani, abin da yake bayarwa bai wuce rabin kilo ba a kaka guda.

Zumar Afirka ta Yamma kuwa halinta daban. Tana da zafi, tana saurin fushi, kuma idan aka dame ta ko abinci ya yanke, tattara nata ya nata take ta bar gidan. Wanda zai riƙa buɗe mata akwati duk kwana uku, a ƙauyen da gona ke manne da gida, yara na wasa a gindin bishiya, tumaki na ɗaure a turke, ya san rigimar da yake saye.

Sai kuma sanyi. Madarar tana lalacewa da wuri. Da an kwashe ta sai firji, idan kuma za a ajiye ta da daɗewa sai an daskarar da ita. A watan Afrilu zafin Kano kan haura maki 40. Yawancin ƙauyukan da ake maganar ba su da tsayayyar wuta, kuma mutane ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da akasarin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kasuwar duniya kuma tana da ma'auni. Ƙa'idar da hukumar ISO ta fitar a 2016 ta ce dole wani sinadari da ake kira 10-HDA ya kai aƙalla kashi 1.4 cikin 100, abin da ba a gane shi da ido ko da harshe, sai a ɗakin gwaji.

Amfanin da ake tallar ma yana da ayar tambaya. A 2011 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba iƙirarin da kamfanoni ke yi a kan madarar, ba ta samu hujjar da ta gamsar da ita ba. Abin da aka tabbatar shi ne tana iya tayar wa masu asma da masu borin jini ciwo mai tsanani. An samu mace-mace a Ostireliya a shekarun 1990, kuma har yau doka a can ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin kwalbar. Darajar da Musulmi ke ba zuma, wadda Suratun Nahli ta ambata, wasu 'yan kasuwa kan jingina ta ga duk abin da ya fito daga amya. Zuma daban, madarar sarauniya daban.

Daren cire zuma

Amyar gargajiya fasaha ce da bai kamata a raina ba. Da ciyawa ko kara ake saƙa ta, a shafe da kashin shanu, a turara ta, a ɗaura a reshe. Wasu tukunya ko tulu suke kifawa. Kuɗinta kaɗan ne, tana sama inda iska ke kaɗawa, nesa da yara da dabbobi da gara. Idan zuma ta shiga, riba. Idan ba ta shiga ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Matsalarta ɗaya ce, amma babba: saƙar tana manne da jikin amyar. Ba a iya ciro ta a duba a mayar. Mai amya ba ya ganin sarauniyarsa, bai san ko ta tsufa ba, bai san ko tana nan ba. Ranar da yake ganin cikin gidan ita ce ranar da zai cire zuma, da dare, da wutar kara a hannu.

A wannan dare ne ake yin ɓarnar. Wuta kan ƙone dubban ma'aikata. A cikin duhu da harbi da sauri, ba kowa ke tsayawa bambance saƙar zuma da saƙar 'ya'ya ba, sai a yaye duka a zuba a ƙwarya. Tsofaffin hannu sun san a bar wa zuma wani abu, kuma suna bari. Amma wanda ya shigo sana'ar don kuɗin yau, ko ɓarawon da ya hau bishiyar wani, ba ruwansa.

Ga inda madarar ke da muhimmanci. Idan sarauniya ta mutu, gidan na da dama guda ta ceton kansa. Ma'aikata kan nemi tsutsar da ba ta wuce kwana uku ba, su faɗaɗa ɗakinta, su cika shi da madara, su mayar da ita sarauniya. Wannan na bukatar abu biyu: a bar saƙa mai ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, kuma a bar masu reno da rai. Masu reno kuwa su ne ke lulluɓe da saƙar 'ya'ya, ba su ƙware da tashi ba, don haka su wuta ke fara ci.

Idan babu ƙwai babu tsutsa, bayan 'yan makonni wasu ma'aikata kan fara saka ƙwai da kansu. Da yake ba a barbare su ba, maza kawai suke haifa. Gidan sai ya riƙa raguwa a hankali, har asu su cinye saƙar. Mai amya ya dawo ya tarar da kango, ya ce zumar ta tashi. Sau da yawa ba tashi ta yi ba, ƙarewa ta yi.

Ko da an yi sa'a an samu sabuwar sarauniya, sai ta ƙyanƙyashe, ta yi kwanaki ta yi ƙwari, ta fita ta haɗu da maza goma zuwa ashirin a sararin sama, ta dawo lafiya ba tsuntsu ya cafke ta ba, sannan ta fara ƙwai. Kusan wata guda ke nan gidan bai samu sabon ƙwai ba. Idan watan ya faɗo daidai lokacin da furanni suka buɗe, zumar wannan kakar ta wuce.

Shekarun baya wannan bai dami kowa ba, domin akwai zumar daji da yawa a kogon kuka da na tsamiya, kuma duk shekara tana rabuwa ta cika amyoyin da aka ɗaura. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne da kyautar da ke zuwa daga waje. A yankin da kusan kowane taku na ƙasa gona ce, wannan kyauta tana rataye ne a kan tsofaffin bishiyoyin da suka rage.

Gawo, ɗorawa da gwangwanin feshi

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta yi suna a wurin masana. Tun shekarun 1960 Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi nazarinta, ya nuna yadda jama'a masu ɗimbin yawa ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, da taki da dabbobi da bishiyoyin da aka bari a tsakiyar gona da gangan. Abin da ya ba mutane mamaki a bincikensa shi ne yawan jama'a bai kawar da bishiyoyin ba, domin kowace na da mai ita, kuma tana da amfani.

Waɗannan bishiyoyi su ne rumbun zuma. Da damina abinci ba ya wuya: gero da dawa da masara na ba da garin fure, wake da riɗi da ciyayi na ba da ruwan fure. Da an yi girbi, aka kwashe kara da harawa, gona ta koma fili fetal, sai kallo ya koma sama. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi sabo da kaka, yana fure a farkon rani, daidai lokacin da komai ya bushe. Mangwaro na karɓa da hunturu. Da zafi ya fara, jajayen furannin ɗorawa masu kama da ƙwallo da fararen na darbejiya su biyo baya. Wata bakwai ko fiye na rani, a kan wannan jeri zuma ke rayuwa.

An ƙiyasta gida ɗaya na cin garin fure wajen kilo 20 a shekara. Duk bishiyar da aka cire daga jerin, an buɗe giɓi na makonni da masu reno za su zauna ba abinci. Jijiyoyin madara su tsotse, sarauniya ta rage ƙwai, daga nan gidan ya tashi.

Matsin da ke kan bishiyoyin kuwa ya ƙaru. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da tsadar gas da kananzir, gidaje da yawa a birni sun koma gawayi da itace. Gonaki na ƙara tsukewa da rabon gado, filaye na cin gefen birni ta Ungogo da Dawakin Tofa, kuma magajin da ke bukatar kuɗin asibiti yau ba zai tsaya jiran kalwar baɗi ba. A 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana amfani da injin sare itace ba tare da izini ba. Mataki ne mai kyau a takarda, sai dai ɗorawar da aka sare bana, ko an dasa wata gobe, sai ta shekara kusan goma kafin ta yi furen kirki.

Sai feshi. Wake na cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshi a Arewa, saboda tsutsar da ke huda fure da kwanso, kuma lokacin da ake feshin shi ne lokacin da yake fure. Manomi kan yi sau shida zuwa takwas a damina guda. Irin waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019 an ce yana rage feshin zuwa sau biyu, kodayake ana ta muhawara a kansa saboda iri ne da aka sauya wa halitta. Yadda ake wasa da maganin ƙwari ya riga ya jawo wa ƙasar asara: tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa.

Ba sai magani ya kashe ƙudan zuma nan take yake yin illa ba. Bincike a Turai ya nuna wasu magungunan, ko kaɗan ne a cikin garin fure, suna tsuke jijiyoyin da ke yin madara. Uku daga cikin irin waɗannan Tarayyar Turai ta hana fesa su a fili tun 2018.

Noman rani ya ƙara wa abin sarƙaƙiya. A bakin madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai da Tomas a yankin Dambatta, lambunan kankana da gurji da kabewa su ne kore kaɗai a tsakiyar rani, don haka duk zumar yankin can take taruwa. Furen kankana da safe yake buɗewa, ya rufe da rana, kuma namiji daban mace daban. Sai ƙudan zuma ya ziyarci macen sau da dama kafin ta ɗaura 'ya mai kyau. Manomin da ya goya gwangwanin feshi da hantsi yana kashe ma'aikatan da ke yi masa aiki kyauta. Da zai bari sai la'asar sakaliya, da ya rage ɓarnar ba tare da ya kashe ko sisi ba.

Wannan aikin kyauta an auna shi a maƙwabta. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka wallafa a 2017, ya gano idan aka hana ƙwari kaiwa ga fure, amfanin riɗi na raguwa da kashi 59 cikin 100, na auduga da kashi 37. Duk wanda ya san yawan riɗin da ke bi ta kasuwar Dawanau zuwa ƙasashen waje zai gane kuɗin da ake magana. A jihar Kalifoniya ta Amurka, masu gonakin almon haya suke ɗaukar akwatunan zuma, wajen miliyan biyu duk watan Fabrairu.

Koyon renon sarauniya

Dabarar kofi da tsinke da Sin ke tara madara da ita, asalinta don renon sarauniya aka ƙirƙiro ta. Wani Ba'amurke mai kiwon zuma, G. M. Doolittle, ya bayyana ta a 1889. Bambancin kawai, maimakon a jefar da tsutsar a rana ta uku, sai a bar ta ta girma. Gida ɗaya mai ƙarfi na iya renon sarauniya gommai a zubi guda, kowace kuma tushen sabon gida ce.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta bukatar kofi. A ɗauki saƙa biyu ko uku daga gida mai ƙarfi, masu ƙwai da ƙananan tsutsotsi da masu renon da ke kansu, a haɗa da saƙar zuma da ta garin fure, a saka a sabon akwati. Da sun ji babu uwa, za su yi wa kansu. Gida ɗaya ya zama biyu, ba tare da jiran zumar daji ba. Sharaɗin shi ne a yi lokacin da furanni suka wadata kuma akwai maza a gari.

Duk wannan na bukatar gidan da ake iya ciro saƙarsa a mayar. Akwatin zamani mai firam, wanda Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a 1852, yana da tsada kuma sai kafinta ya ƙware. Amma akwai mai sanduna a sama, wanda ya yaɗu daga Kenya a shekarun 1970. Jikinsa ana iya yin sa da katako mai araha, ko kara da laka. Abu ɗaya da ba a wasa da shi shi ne faɗin sandar: milimita 32 ga zumar Afirka. Idan ya kauce, sai ta gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna, an koma gidan jiya.

A nan ne shirye-shiryen tallafi suka fi yin tuntuɓe a sassan Afirka da dama. Raba akwati da rigar kariya abu ne mai sauƙin ƙirgawa da ɗaukar hoto. Bayan shekara guda sai a tarar da yawansu ba kowa a ciki, domin an ba mutum gida ba a koya masa yadda zai samu mai zama a ciki ba. Kano na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Tambayoyin da ya kamata a riƙa yi wa irin waɗannan shirye-shirye su ne: a cikin bishiyoyin da ake dasawa, nawa ne ke fure da rani? A cikin akwatunan da aka raba bara, nawa ne ke da sarauniya mai ƙwai yau? Wuraren da za a koyar ba su yi nisa ba. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako na Dambatta, Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan Fari na Jami'ar Bayero, ga kuma malaman gona na KNARDA.

Akwai gajeriyar hanyar da wasu za su so bi, wato shigo da sarauniya daga Turai ko Sin tunda an ce ta fi sanyin hali. Tarihi ya nuna ɗaukar zuma daga wata nahiya zuwa wata ba wasa ba ne. A 1956 masani Warwick Kerr ya kai zumar Afirka Brazil don gwaji. Shekara guda bayan nan sarauniya 26 suka kuɓuce da jama'arsu, kuma zuwa 1990 jikokinsu sun isa jihar Texas ta Amurka, suna mamaye zumar Turai a duk inda suka bi. Darasin ga Kano ta ɗaya gefen yake: a ƙasa mai zafi jinin Afirka ne ke rinjaye. 'Yar sarauniyar da aka shigo da ita da mazan gida za ta haɗu, cikin zubi biyu ko uku halin da aka saya da tsada ya narke, ƙila kuma a bar cutar da ta zo da ita.

Abin da ya rage shi ne irin aikin da manomin Kano ya saba yi da gero: ware zangarniya mai kyau don iri. A cikin amyoyi goma, akwai wadda ba ta tashi da rani, akwai wadda ba ta bin mutum har gida da harbi, akwai wadda ta fi cika ƙwarya. Daga waɗannan ake ɗaukar ƙwai. A yankin da maƙwabci ke taku hamsin daga bishiyar, sanyin hali kaɗai na iya raba wanda zai ci gaba da kiwo da wanda mai unguwa zai ce ya sauke amyarsa.

Aikin na ɗaukar shekaru, kuma sai da littafin rubutu: wace sarauniya, 'yar wace, yaushe ta fara ƙwai. Masu kiwo a duniya kan ɗiga wa sarauniya ɗan fenti a baya don a gane ta cikin dubbai, kuma launin na nuna shekarar da aka haife ta. Ta 2025 shuɗi ce, ta 2026 fari.